Kwazazzabo a Kan Tebur: Darasin da Jirgin Wasa Zai Koya wa Gaya da Ajingi

A birnin Hambog na ƙasar Jamus akwai wani gida da ake kira Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a shekarar 2001. Abin da ke cikinsa ƙananan jiragen ƙasa ne masu tafiya da lantarki, suna ratsa garuruwa da duwatsu da koguna waɗanda aka ƙera da hannu. A ɓangaren da aka ware wa Amurka an kwaikwayi Giran Kanyon, shahararren kwazazzabon nan na jihar Arizona, da jajayen duwatsunsa hawa-hawa, jirgi yana bi ta gefensu. Manya da yara suna biyan kuɗi suna bin layi don su gani. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai dattawa masu yawa, cikinsu har da injiniyoyi da likitoci, da suke ware ɗaki guda a gidajensu su shekara suna gina irin wannan ƙasa a kan tebur.

Mai karatu zai iya cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, ina ruwan mutumin Kademi ko na Toranke da shi? Ni kuwa ina ganin akwai ruwansa, kuma dalilin yana nan tafe a kan dogo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigila sosai a 1912, ya kuma sauya tattalin arzikin ƙasar da cinikin gyaɗa. Layin Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Ringim, arewa da kogi, ya bar ƙasar Gaya ba ta jin ƙarar jirgi sai a labari. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil, tare da reshen da zai tashi daga Kano zuwa Dutse ya ratsa ƙasar Gaya. Garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa Abagayawa maƙera suka tashi zuwa Dala neman tama, shi ne yau ƙarfe yake komowa gare shi. Tambayar ita ce, yaranmu za su tsaya a gefen dogo suna ɗaga wa jirgi hannu ne kawai, ko kuwa za su fahimci yadda aka shimfiɗa shi da abin da zai yi wa gonakin iyayensu?

Bari mu duba yadda masu wannan sana'a suke aikinsu, domin a cikin aikin darasin yake. Matakin farko lissafi ne. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a wurinsu shi ne ɗaya bisa 87, wato kowane abu a rage shi sau 87. Faɗin sabon dogon da ake shimfiɗawa milimita 1,435 ne, saboda haka a kan tebur ya zama milimita 16.5. Tsohon dogonmu na zamanin Turawa milimita 1,067 ne, ya zama kimanin milimita 12. Mutum mai matsakaicin tsawo ya koma santimita 2, kuka mai tsawon mita 20 ta koma santimita 23, kilomita guda kuma ta ci mita 11.5 na ɗaki. Allon katako mai tsawon mita 2.4 da faɗin mita 1.2, irin wanda kafintoci ke saye, yana ɗaukar fili mai tsawon mita 209 da faɗin mita 104 ne kacal. Giran Kanyon kuwa zurfinsa ya kai kimanin mita 1,800, wanda ko an rage shi sau 87 sai ya haura mita 20, ya fi gidan bene mai hawa shida. Don haka dole mai gini ya zaɓi abin da zai nuna da abin da zai bari, ya taƙaita tsawo ba tare da ya ɓata kama ba. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai ƙara tsoron babin rabo da daidaito a jarrabawa ba.

Mataki na biyu shi ne ƙashin ginin. A can suna jera fallayen soso mai tauri ɗaya bisa ɗaya su sassaƙa da wuƙa, ko su saƙa yankakken kwali kamar kwando, sa'an nan su lulluɓe da ƙyalle ko takarda da aka tsoma a ruwan filasta. Kafin filastar ta gama bushewa sai su zana layuka a kwance, domin duwatsun irin wannan kwari a shimfiɗe suke, wani bisa wani. A nan ne ilmin ƙasa yake shigowa. Dutse mai tauri yana tsayawa a miƙe kamar bango, mai laushi kuma yana zubewa ya yi gangare, shi ya sa gefen kwazazzabo yake fita kamar matakala. Ɓaraguzan da suka faɗo suna taruwa a gindi, manya a can ƙasa, ƙanana a sama. Wanda bai lura da wannan ba, dutsensa zai fito kamar curin tuwo, kuma ko yaro zai gane cewa akwai abin da bai yi daidai ba.

Mataki na uku launi ne. Ba a shafa fenti mai kauri. Ana tsinka shi da ruwa, a fara da mai haske, a bi da ja da ruwan ƙasa, daga ƙarshe a zuba baƙi tsinkakke ya gangara cikin tsaguwa ya fito da inuwa. Sai a tankaɗe ƙasa ta gaske a barbaɗa, a ɗiga mata gam da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulu don ya ratsa. Abin da ke nesa a yi shi ƙarami da dusasshen launi, ido ya ɗauka sararin ya yi nisa. Masu aikin sun san cewa hamada ta fi daji wuyar kwaikwayo, domin a daji bishiyoyi suna rufe aibi, a hamada kuwa ƙasa tsirara take.

To, mu da wane kwazazzabo za mu gina? Ba sai mun je Arizona ba. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukanmu bayan damina ya ga yadda ruwa yake yanka gona, ya bar rami mai tsayayyen gefe, jar ƙasa a sama, yashi da tsakuwa a ƙasa. Abin da kogin Kolorado ya yi a miliyoyin shekaru cikin dutse, ruwan sama yana yin ƙaraminsa a ƙasarmu cikin 'yan damuna. Kwazazzabo da baya yake tafiya: ruwa yana faɗowa daga bakinsa, ya ƙwaƙule ƙasa mai laushi da ke ƙarƙashi, ɓawon sama ya rasa madogara ya rufta, kan ramin ya ƙara matsawa cikin gona. Mai zurfin mita 3 a kan tebur santimita 3.4 ne kawai, ga shi ana iya nuna kowane hawa na ƙasarsa.

Dangantakar wannan da dogo a fili take. Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, don haka injiniya yakan yanke tudu ya cike kwari, har hanya ta kusa zama bai ɗaya. Cikon da aka yi a kwari tamkar madatsa yake. Ruwan da a da yake malala a faɗin fili, yanzu sai ya taru ya bi ta kwalbati. Idan kwalbatin ya yi ƙanƙanta, gonakin sama su nutse. Idan ba a daɓe bakin fitarsa da dutse ba, ƙarfin ruwan ya haƙa sabon kwazazzabo a gonakin ƙasa. Ga ramukan da ake ɗibar ƙasar ciko, waɗanda kan zama kududdufai masu haɗari ga yara. Ga kuma burtali da hanyar kasuwa da dogo zai raba biyu, in ba a yi musu mashiga ba. Mutanen Ajingi, da suke zaune kusa da kogin da ya gangaro daga Wudil ya nufi Haɗeja, sun san abin da ruwa yake yi idan ya rasa hanya, kuma ambaliyar 2022 ba ta fita daga zukatan mutanen wannan kwari ba.

Zanen injiniya a takarda, da layukansa masu lanƙwasa da lambobinsa, ba kowane dagaci ko manomi ne zai iya karanta shi ba. Amma a ajiye masa ƙasarsa a kan tebur, ga tudu, ga fadama, ga dogo, ga kwalbati, nan take zai sa yatsa ya ce ruwa ba ta nan yake bi ba, ta can yake zuwa. Gani ya kori ji. Ilmin da dattijo ya tara a damuna sittin sai ya samu harshen da zai yi magana da mai digiri.

Kayan aikin ma ba sai an yi odarsu daga waje ba. Muna da yumɓu da laka da jangargari da farar ƙasa da marmara. Magabatanmu sun san cuɗa ƙasa da ramno don kada ta tsage, sun san makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, wadda ke ƙarfafa shafe ta kuma ba shi launi. Ƙaro ko sitacin rogo zai tsaya a madadin gam. Totuwar kara ta yi taragu, tsinken tsintsiya ya yi katakan da ke ƙarƙashin dogo, waya ta yi ƙarfen, garin katako da aka rina ya yi ciyawa, busasshen saiwa da aka kifa ya yi bishiya. Hannun ma muna da shi. Yaron da ya ƙera motar kara mai juya ƙafa, ko ta gwangwani mai sitiyari, ko ya gina shanun laka a bakin rafi, ya riga ya san rabin aikin. Abin takaici shi ne makarantarmu ta ɗauki wannan baiwa a matsayin shiririta, sai ta karɓe karan daga hannunsa ta ba shi allo ya kwafi ma'anar zaizayar ƙasa ya haddace.

Na san akwai masu cewa makarantar da ba ta da kujeru, rufinta yana yoyo, ba ta da lokacin wasan jirgi. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba na cewa a bar gyaran rufi. Sai dai abin da nake kira gare shi bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba, in an cire allon katako, wanda shi ma tsohuwar ƙofa za ta iya maye gurbinsa. Ba dole ne jirgin ya yi tafiya da lantarki ba, domin darasin yana cikin ƙasar da ke kewaye da shi. Akwai kuma iyaye da malamai da za su yi ɗari-ɗari saboda batun mutum-mutumi. Abin da malamanmu suka yi magana a kansa shi ne siffanta mai rai. Tudu da kwari da gada da tarago da bishiya ba sa cikin wannan, kuma aikin yana cika ko ba a sa mutum ko dabba ko ɗaya ba.

Ga shawarata a taƙaice. Jihar da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 ba baƙuwa ba ce ga tunani irin wannan. Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya tana iya yin gaba, sauran makarantun sakandare na Gaya da Ajingi su biyo. Kowace ta zaɓi wuri guda na gaske a kusa da ita, ɗalibai su je su auna da igiya da sanda, su ɗebo samfurin ƙasa daga kowane hawa, su tambayi masu gonakin yadda wurin yake shekara ashirin da suka wuce. Su gina teburi biyu. Na farko busasshe, mai nuna wurin yadda yake. Na biyu tire ne na sakakkiyar ƙasa, a karkata shi kaɗan, a yi masa ruwan sama da gwangwani mai huji, a gwada shi tsirara, a sake gwadawa bayan an dasa layin jema ko gamba, a kuma sauya girman kwalbati a ga bambanci. Wanda yake son nuna ƙaramar hukuma dungurum sai ya koma ma'aunin ɗaya bisa 10,000, inda kilomita take santimita 10, ya ƙara wa tudu tsawo da gangan saboda ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ya kuma rubuta a gefe sau nawa ya ƙara. Ɗaliban injiniya da na ilmin ƙasa a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ba ta da nisa, su zama alƙalai da masu ba da shawara. A ƙarshen zango a baje kolin a fadar Sarkin Gaya ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, a gayyaci hakimai da manoma da makiyaya da wakilan masu aikin dogo.

Dogo idan an shimfiɗa shi yakan shekara ɗari, kamar yadda na 1911 ya nuna mana. Zai buƙaci masu auna ƙasa, masu duba gada, masu gyaran sigina da masu kula da magudanan ruwa. Akwai cibiyar koyon fasahar sufuri a Zariya, an kuma kafa jami'ar sufuri a Daura, amma ba a shiga irin waɗannan wurare da sha'awar da ba a shuka ba tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muna son 'ya'yan Gaya da Ajingi su kasance cikin masu riƙe da wannan layi, to mu mayar musu da laka da kara, mu haɗa musu da ma'auni, mu ce su gina mana ƙasarsu mu gani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye gonakinmu.