Darasin Kafanchan Ga 'Yan Arewa Mazauna Kurmi

Ya ku 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Aba da Fatakwal, kowanenku ya san yadda abin yake. Da zarar mutum ya ƙetare kogin Kwara ko na Binuwai ya sauka a tasha, to, sunansa ya zama Bahaushe, ko da kuwa Babarbare ne daga Borno, ko Banufe daga Bida, ko mutumin Zonkwa da ke zuwa coci ran Lahadi. Hula ɗaya mutanen Kurmi suke sa mana duka. Wannan abu yakan ba mu dariya, wani lokaci kuma ya ba mu haushi. Amma fa kafin mu ga laifinsu sai mu tambayi kanmu: mu ɗin nan, mutum nawa ne cikinmu ya san al'ummun kudancin Jihar Kaduna da sunayen da suke kiran kansu? Ra'ayinmu a yau shi ne, wanda ya ɗanɗana baƙunci a Kurmi ya fi kowa cancantar ya gane cewa Arewa gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma zaman lafiyarsa a nan yana rataye da yadda ake zama a can.

Bari mu fara daga nesa. Ran 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwa cewa mutanen duniya sun cika biliyan 8. Kimanin kashi 40 cikin 100 na wannan jama'a suna zaune ne a ƙasashe masu zafi, watau waɗanda ke kusa da layin nan da ya raba duniya gida biyu. Harsunan duniya kuwa wajen 7,000 ne, kuma mafi yawansu a waɗannan ƙasashe masu zafi suke. Ƙasar Papuwa Sabuwar Gini tana da harsuna fiye da 800, Indunisiya fiye da 700, Nijeriya tamu fiye da 500. Nahiyar Turai gaba ɗayanta ba ta kai Nijeriya yawan harsunan asali ba.

To, me ya kawo haka? Wani masani ɗan Ingila, Daniel Nettle, wanda ya yi nazarin harshen Fyem a ƙasar Filato, ya ba da dalili mai kama hankali a littafinsa na 1999. Ya ɗora abin a kan damina. Inda damina gajeriya ce, fari na shekara guda ya isa ya jefa gari cikin yunwa, saboda haka dole mutane su nemi dangi da abokan ciniki a nesa, su yi auratayya, su yi fatauci, har harshe ɗaya ya bazu a ƙasa mai faɗi. Inda kuwa ruwa ke daɗewa yana sauka, ƙauye kan iya ciyar da kansa shekara da shekaru ba tare da ya dogara ga na nesa ba, sai kowane kwari da kowane tudu ya riƙe harshensa.

Duk wanda ya taɓa tafiya daga Sakkwato zuwa Kafanchan ya ga wannan magana da idonsa. A ƙasar Sakkwato da Katsina da Kano damina wata huɗu ce ko biyar, ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, kuma mutum zai yi tafiyar kwanaki yana jin Hausa da Fulatanci kaɗai. A Kafanchan kuwa ruwa kan fara tun watan Afrilu har zuwa Oktoba, abin da ke sauka ya kai kimanin milimita 1,500. Ga doya, ga gwaza, ga acca, ga masara, ga citta wadda ta fito da sunan Kachia da Kwoi a kasuwannin duniya. A nan tafiyar rabin yini a ƙasa ta isa ta kai mutum inda ake wani harshe dabam. Akwai kuma dalili na biyu wanda ranar wanka ba a ɓoye shi: a ƙarni na 19 hare-haren neman bayi daga masarautu sun sa al'ummu da yawa sun hau duwatsu irin na Kagoro sun fake, kowacce a nata wurin. Wannan tarihi bai gushe daga zukatan jikokinsu ba, kuma musunsa ba zai amfani kowa ba.

Waɗannan al'ummu suna da sunayensu. Waɗanda muke ce wa Katab su ne Atyap. Kaje su ne Bajju. Jaba su ne Ham. Kagoro su ne Agworok, Marwa su ne Asholio, Kadara su ne Adara, Kagoma su ne Gwong, Kaninkon su ne Nikyob, Gwari kuwa Gbagyi. Shi kansa sunan Kafanchan daga mutanen Fantswam ya samo asali. Ƙasar kuma ta daɗe da mutane ƙwarai. A ƙauyen Nok na ƙasar Ham ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928, kuma masana sun tabbatar cewa masu wannan sana'a sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Garin Kafanchan da muka sani, jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu ya haɗu da na Kaduna, kuma a 1927 aka kai reshe daga Kafanchan zuwa Jos domin ɗauko kuza. Da wurin ya zama mahaɗa sai jama'a suka yi ta kwarara: Ibo ma'aikatan reluwe, Yarabawa 'yan kasuwa, Hausawa 'yan koli da mahauta, Fulani masu nono. A 1933 Sarkin Jama'a ya ƙaura da fadarsa zuwa garin. Jirgin da ya kai Ibo Kafanchan shi ne ya kai kakannin wasunku Inugu da Aba da Fatakwal da shanu da wake. Watau dai Kafanchan ita ma wata Sabo ce, kamar Sabon Badun da aka kafa a 1916. Hausa ta zama harshen kasuwa da na tasha, har da na coci, tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma jin Hausa bai mai da mutum Bahaushe ba, kamar yadda jin Yarbancinku bai mai da ku Yarabawa ba.

Yanzu sai mu zo kan yawan jama'a. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya. Ta 2006 ta ba ta miliyan 140, Jihar Kaduna kaɗai tana da fiye da miliyan 6. A yau ƙiyasi ya wuce miliyan 200, faɗin ƙasar kuwa bai ƙaru da ko taku ɗaya ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980 ya turo makiyaya da manoma daga arewa mai nisa zuwa inda ruwa da ciyawa suke. Ashe daminar da ta raya harsuna masu yawa ita ce kuma ke jawo baƙi. Gona ta yi kaɗan, burtali ya toshe, sai tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ta zama tambayar abinci da kasuwa da sarauta, 'yan siyasa marasa tsoron Allah kuma suka sa mata rigar addini.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 gardamar sauya wa kasuwa wuri a Zangon Katab ta ci rayuka masu yawa. A 2011, bayan zaɓe, an zub da jini a Zonkwa, kasuwar Kafanchan kuma ta ƙone. Kada wani ya ce wannan abin can gida ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da aka yi rikicin Kaduna a Fabrairun 2000, 'yan Arewa mazauna Aba da wasu garuruwan gabas ne aka huce a kansu. Da aka yi na Shagamu a 1999, 'yan Kudu mazauna Kano ne suka biya bashin da ba su ci ba. A irin wannan rana ba a tsayawa tantance ƙabila ko addini. Kama da harshe kaɗai ake dubawa.

Wani zai ce, ai lissafa ƙabilu shi ne raba kan Arewa, gara a bar mu a kan taken magabata na Arewa ɗaya, al'umma ɗaya. Muna girmama wannan take. Sai dai haɗin kan da ke neman mutum ya ajiye sunansa a bakin ƙofa kafin ya shiga ba ya ƙarko. Ku da kuka naɗa Sarkin Hausawa a kowane gari na Kurmi, kuka gina masallatai da makarantun allo domin kada 'ya'yanku su manta asalinsu, ba ku da bakin ganin laifin mutumin Fantswam ko Atyap da ya nemi sarautarsa da harshensa. Haka nan ɗan'uwanmu na Kagoro ko Kwoi da ke zaune lafiya a Ikko, yana neman a ɗauke shi ɗan gari, ba shi da bakin ce wa Bahaushen Kafanchan ko Bafulatanin da aka binne kakansa a ƙasar ya koma inda ya fito. Mudun da mutum ke so a auna masa a Kurmi, da shi zai auna wa maƙwabcinsa a gida. Tsarin mulkin 1999 ma haka ya ce: sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali.

Mutanen yankin sun riga sun nuna hanya. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummu 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kachia da Sanga da Zangon Katab suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, suka nemi gafarar juna. Ba ta kawar da kashe-kashe gaba ɗaya ba, amma ta nuna zama a teburi ɗaya mai yiwuwa ne.

Saura namu. Na farko, mu koyi kiran mutane da sunayen da suke so, mu bar kalmomin raini irin su arna da ƙabilu, su ma su bar nasu a kanmu. Na biyu, ƙungiyoyin 'yan Arewa a biranen Kurmi su ba ɗan kudancin Kaduna kujera a shugabanci, Kirista ne ko Musulmi, tun da ranar tashin hankali tare ake nemanmu. Na uku, in labarin rikici ya zo daga gida ta waya, kada mu yaɗa kafin mu tantance, kada kuma mu aika da kuɗin ramuwa. Na huɗu, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'unmu, na jam'iyyarmu ne ko na wata, mu tambaye shi matsayinsa a kan haƙƙin mazauni da kuma ƙidayar jama'a, wadda rabon ƙasar nan da ita tun 2006. Ba a iya raba makarantu da asibitoci da ƙasar kiwo bisa adalci in ba a san yawan mutane ba.

Allah da ya bambanta damina tsakanin Sakkwato da Kafanchan shi ne ya bambanta harsunanmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare baƙo a duk inda yake, amin.