Fentin inji ba ya toshe yoyo

Daga 2003, lokacin da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fara mayar da alawus ɗin gida da na mota zuwa kuɗi, nauyin abin hawa ya dawo wuyan ma'aikaci. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sabuwar mota ta gagari mafi yawan masu cin albashi, tokumbo ma ta zama sai wane da wane. Abin da ya rage wa mai tasowa daga Kubwa, Nyanya ko Gwagwalada zuwa Sakatariyar Tarayya kullum shi ne ya lallaɓa tsohuwarsa, ko kuma ya sayi wadda wani ya gaji da ita.

A wannan hali ne gwangwanin fentin feshi ya samu kasuwa. Ana ɗaga bonet a wuraren sayar da motoci sai ka ga inji yana ƙyalli kamar jiya aka fito da shi daga masana'anta. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: fentin inji abu ne mai amfani idan an yi shi don kare ƙarfe daga tsatsa, amma yadda ake yin sa a yawancin garejinmu, cikin minti ashirin a kan maiƙo da ƙura, asarar kuɗi ce ga mai mota, yaudara ce kuma ga mai saye.

Farko dai, ba kowane fenti ne na inji ba. Ruwan da ke sanyaya inji yana aiki ne a tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa fentin da aka yi domin jikin inji akan rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure kimanin digiri 260. Bututun da ke kwaso hayaƙi daga kan inji zuwa salansa kuwa zafinsa yana iya wuce digiri 600, don haka yana da nasa fentin daban, irin su VHT FlameProof, wanda masu yin sa suka ce yana jure fiye da digiri 1,000. Fentin da ake fesa wa ƙofa ko keke bai da hurumi a nan. Idan aka shafa shi, zafi zai sa ya dafe, ya tsage, ya riƙa ɓarewa, wani lokacin har ya yi ta hayaƙi mai ɗaga hankali a tsakiyar cunkoson Mararaba. Saboda haka tambayar farko ga mai fenti ita ce: ina gwangwanin, digiri nawa aka rubuta a jikinsa?

Sai dai ko an sayi mafi tsadar fenti, ƙarkonsa yana hannun wanda ya share masa fage. Fenti ba ya kama maiƙo. Dole ne a fara gyara duk inda baƙin mai ko ruwa ke ɗiga, a canza gaskit ɗin da ya mutu, domin man da ke tsattsafowa zai bi ta ƙarƙashin sabon fentin ya ɗaga shi. Bayan haka a wanke injin da sinadarin cire maiƙo, a ɗauraye, a sake wankewa. Al'adar wanke inji da kananzir ko man dizal a tashi a fesa fenti ita ce ke kashe aikin tun kafin a fara, domin dukansu suna barin santsi a jikin ƙarfe. Sannan a kankare tsatsa da tsohon fentin da ya saki da buroshin ƙarfe, a bi da samfefa har wurin ya ɗan yi kaushi, a goge da tsumma mai tsabta, a bari ya bushe sarai. Idan sashen na alminiyam ne, kamar yadda kan injin motocin zamani yake, yana buƙatar fentin share fage na musamman da ke cizon ƙarfen, in ba haka ba na saman zai saluɓe.

Akwai kuma wuraren da fenti bai kamata ya taɓa ba, kuma a nan ne ake gane gwani. Fanbel, tiyo, bakin wayoyi, na'urorin da ke aika wa kwamfutar mota saƙo, ramukan fulogi da cikin altaneta duk sai an rufe su da tef da takarda. Haka ma inda wayar da ke sada batir da jikin mota take ɗaure, domin fenti yana tare wutar, mota ta riƙa gardamar tashi ana ta zargin batir. Lambar inji ma a bar ta a fili: tana cikin takardun mota, kuma lambar da ta nutse a fenti tana jawo tambayoyi a gaban jami'an VIO ko 'yan sanda, ko ranar da za a sayar.

Feshin kansa yana son haƙuri. A girgiza gwangwani na minti ɗaya zuwa biyu bayan ƙwallon da ke ciki ya fara ƙara. A riƙe shi da nisan santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya ba tsayawa, kowane layi yana hawa rabin na baya. Shafi biyu marasa kauri, sannan na uku mai ɗan kauri, da hutun kimanin minti 10 a tsakani, sun fi shafi ɗaya mai nauyi wanda zai zubo kamar hawaye, samansa ya bushe cikinsa yana ɗanye. Wasu kamfanonin ma sun gindaya cewa a gama dukan shafin cikin awa ɗaya, in lokacin ya wuce a jira kwana 7 kafin a ƙara, don kada sabon ya tattare tsohon. Daga ƙarshe zafi ne ke gasa irin wannan fenti ya kai ga ƙarfinsa. Ga fentin bututun hayaƙi, ƙa'idar da aka saba ita ce a bar inji yana aiki a tsaye minti 10 a kashe ya huce minti 20, a sake tayarwa minti 20 ya sake hucewa, sannan a yi tafiyar minti 30. Kafin wannan gashi, ɗigon fetur kaɗan ya isa ya ɓata aikin.

Yanayin Abuja ma yana da ta cewa. A tsakiyar damina, musamman watan Agusta, laimar iska tana sa fenti ya yi hazo ya ƙi bushewa. A lokacin hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kansa tun yana ɗanye. Fesawa a fili a gefen titi, ko a kan injin da bai huce ba, ba aiki ba ne. A nemi rumfa mai shan iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a cire kan batir. Iskar da ke tura fentin daga gwangwani tana kamawa da wuta, tururinsa kuma yana illa ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Yaran da ke koyon aiki a Apo su ne ke shaƙar wannan tururi, kuma mai motar da ke tsaye yana cewa a yi sauri yana da kaso a alhakinsu.

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya ta yi yawa a kan abin da ke ɓoye a ƙarƙashin bonet, ga kuɗin makaranta, ga haya. Maganarsa tana kan hanya, kuma amsarta mai sauƙi ce: wanda ba shi da halin yin aikin yadda ya dace, ya bar shi. Inji mai tsabta wanda ba a fente ba ya fi wanda aka lulluɓe dattinsa, domin bakanike zai ga inda mai ke fita tun yana ɗigo. Fenti ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ba ya rage masa shan mai. Kuɗin gwangwani uku gara a zuba su a baƙin mai mai kyau da matacinsa.

Ga mai shirin sayen mota kuwa, ƙyallin inji dalili ne na ƙara bincike. A duba ko feshin ya taɓa wayoyi, tiyo da kawunan noti, domin masana'anta ba ta aiki haka. A tayar da motar ta yi zafi sosai, a yi tafiya da ita, a ajiye ta a kan daɓe mai tsabta, sannan a leƙa ƙarƙashinta. A zo da bakanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba. Kyan ɗan maciji ya sha raba ma'aikata da bashin da suka ci daga ƙungiyar adashen ofis.

Kalma ta ƙarshe ga hadimai da jami'an sufuri da ke sa hannu a takardun gyaran motocin ofis. Idan aka rubuta fentin inji a cikin lissafi, a tambayi dalili: tsatsa aka gani, ko an sauke injin ne don babban gyara? Wane fenti aka saya, kuma me aka gyara kafin a fesa? Motar da aka kai gareji saboda yoyon mai ta dawo tana ƙyalli, tana kuma ci gaba da ɗiga a wurin ajiye motoci, ba a gyara ta ba, kuma dukiyar jama'a ce aka biya. Wanda ya sa hannu a kan irin wannan takarda shi za a nema ranar da injin ya buga a hanyar Lokoja da maigida a ciki.