Santsi Bai San Ƙasa Ba

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garejojin Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi, wai na'urar hana zamewa da ke cikin ƙananan motoci "kayan ƙasar ƙanƙara ce". Da fitilarta ta kama a gaban direba, sai makanike ya zare ƙwan, mai mota ya biya, ya tafi yana murna. Wannan ai sayen ajali ne da kuɗinka!

Ruwan Agusta in ya haɗu da ƙura da baƙin mai a Titin Zariya, kwalta sai ta koma kamar an zuba mata miyar kuɓewa. Ita na'urar nan tana auna gudun kowace ƙafa da inda aka juya sitiyari. Mota na fara zamewa, sai ta kama birkin ƙafa ɗaya, ta rage ƙarfin inji, tun direba bai farga ba. Wane gwanin direba ne ke iya taka wa ƙafa ɗaya birki?

Masu cewa ta manyan motoci ce, su tuna a 1997 ƙaramar Mercedes A-Class ta kife wajen gwaji a Suwidin, sai kamfanin ya sa mata wannan na'ura. Tun 2014 kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta a kowace sabuwar mota.

Amma fa kada a sakankance. Wanda ya ɗaura tayar gwanjo da ta suɗe, ya kwasa da gudu cikin ruwa, babu na'urar da za ta cece shi. Don Allah a gyara ta, a sauya taya, a rage gudu. Rigakafi ya fi magani.