Kafin ku biya kuɗin makarantar Kwatano, ku tambayi wa ya amince da takardar

Jama'a masu saurarenmu a Gaya da kewaye, da ƴan'uwa mazauna waje, akwai maganar da ta kamata mu tattauna kafin yaran da suka ci bak su watsu neman jami'a. Daga nan gada ɗaya ce ta raba mu da Malanbil, Kamba kuma tana kusa, shi ya sa yaranmu da dama ke tsallakawa karatu Benin ko Najeriya. Amma takardar da yaro zai dawo da ita, wa zai karɓe ta?

A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wani ɗan jarida, Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta mai zaman kanta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama aji ba. Har bautar ƙasa ya shiga da ita. Ranar 2 ga Janairu 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo. A Agustan wannan shekara ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce fiye da mutum 22,000 ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i 8 kaɗai Najeriya ta yarda da su, 5 a Benin, 3 a Togo.

To, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, izinin buɗe makaranta daban, amincewa da kowane fannin karatu daban. Makaranta na iya samun izini, ta rataya allo babba a bakin titi, alhali fannin da ɗanka ke karantawa ba wata hukuma da ta duba shi. A Najeriya hukumar NUC ke wannan aiki. A ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta na Wagadugu. Benin kanta tun 2017 ta sa ɗaliban makarantu masu zaman kansu rubuta jarrabawar ƙasa kafin lisans ɗinsu ya zama na gwamnati. A nan Nijar kuwa, takardar waje sai an kai ta Yamai an daidaita ta kafin a shiga gasar ɗaukar aikin gwamnati da ita.

Wanda ya fi cutuwa shi ne yaron da ya yi shekara uku yana karatu da gaskiya, ubansa ya sayar da shanu ko buhunan shinkafa, yayansa a Legas ko Abijan yana turo kuɗi kowane wata, a ƙarshe a ce takardar ba ta aiki. Takardun bogi sun ɓata sunan na kirki.

Saboda haka kafin ku ba da ko dala, ku nemi ganin takardar amincewa da fannin da yaro zai karanta, da sunan fannin a rubuce. Ku tambaya a ma'aikatar ilimi mai zurfi ko Nijar na karɓar ta. Wanda ya ce zai kawo digiri cikin watanni, ku guje shi, araha ba ta ado. Kada kuma mu manta, Dosso na da jami'ar gwamnati tun 2014.

Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka.