In tsoho ya faɗi a gida, wa zai ji kiransa?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, maganarmu ta yau a kan tsofaffinmu ce, da makafi, da guragu, da duk wanda ciwo ya rage wa ƙarfi. Kowanensu yana son ya zauna a gidansa, ya yi wa kansa abin da yake iyawa, ba sai ya jira wani ba. Abu biyu ke taimaka masa. Na farko kayan tallafi, irin su sanda da tabarau da keken guragu. Na biyu hanyar kiran taimako idan wani abu ya same shi alhali ba kowa kusa.

Bukatar tana da yawa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, tare da UNICEF sun yi lissafi. Sun ce mutum miliyar 2 da rabi a duniya suna bukatar irin waɗannan kaya, kuma kusan miliyar 1 ba su samu ba. A waɗansu ƙasashe matalauta, cikin mutum 100 masu bukata, 3 kawai ke samu. OMS ta kuma ce faɗuwa tana kashe mutum wajen dubu 684 kowace shekara, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 su suka fi mutuwa ta wannan hanya.

Bari mu ga yadda ake yi a Faransa, inda tsofaffi da yawa ke zaune su kaɗai. Akwai wani ɗan maɓalli da tsoho ke ratayawa a wuya, kamar laya, ko ya ɗaura a hannu kamar agogo. In ya faɗi, sai ya danna. Nan take kira ya tafi wani ofis inda ma'aikata ke sauraro dare da rana. Su yi masa magana. In bai amsa ba, su kira maƙwabcin da ke riƙe da makullin gidan, ko su turo motar asibiti. Akwai ma irin wanda ke gane faɗuwa da kansa, ya yi kira ko ba a danna ba. Ana biyan kuɗin wannan aiki kowane wata, kuma sau da yawa ya fi jika 10 in an juya shi zuwa sefa.

Amma ku ji abin da ya faru a can. A watan Agusta na 2003 an yi zafi mai tsanani, mutum wajen dubu 15 suka mutu, mafi yawansu tsofaffi. Waɗansu sai bayan kwanaki aka iske gawarsu a ɗaki. Ƙasa ce mai arziki, ga likitoci, ga waya a kusan kowane gida. Abin da aka rasa shi ne mai leƙawa. Don haka a 2004 aka yi doka: kowane magajin gari ya buɗe littafi, a rubuta sunayen tsofaffi da naƙasassu masu son a riƙa tuntuɓarsu. In zafi ya tsananta, sai a bi littafin ana kiransu ɗaya bayan ɗaya.

A ganina wannan littafi ya fi maɓallin amfani a gare mu. Maɓalli kira kawai yake yi. Mutum ne ke zuwa ya ɗaga wanda ya faɗi.

Na san wani zai ce: "Malam, wannan ai matsalar Turawa ce. Mu ba mu barin iyayenmu su kaɗai." Gaskiya ne, zumunci bai mutu ba a wurinmu. To, amma a shiga ƙauye da hantsi lokacin noman fari. Duk mai ƙarfi yana gona, wata gonar ma tafiyar awa guda ce. Wa ya rage a gida? Tsohuwa da jikanta ɗan shekara 3. Da rani kuwa samari sun tafi bida, wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Suna aiko kuɗi, Allah ya saka musu. Sai dai wanda ke Abijan ba zai ji nishin uwarsa ba in ta zame a makewayi, ƙashin kwankwasonta ya karye, ga ranar bazara ta take.

Ga abin da za mu iya yi da abin da ke hannunmu. Salula ƙarama mai maɓallai ta isa. A ɗinka mata ƴar jaka a rataya wa tsoho a wuya, domin wadda ke ajiye a kan randa ba ta da amfani ga wanda ke kwance a ƙasa. A shirya ta yadda in ya danna lamba 2 ya riƙe, za ta kira mutum guda. A koya masa har ya iya da ido a rufe. Mutumin nan kuwa ya zama na kusa, wanda zai iso cikin minti kaɗan, kuma ya san an zaɓe shi, ya yarda. A sa na biyu a lamba 3, don gudun ranar da na farko ya tafi kasuwa. A kuma san wanda zai riƙa kai ta caji. Nan ne shiri yakan lalace, domin aikin da aka bar wa kowa ba mai yin sa.

A tsayar da lokacin gaisuwa, misali bayan azahar. In an kira sau 2 bai ɗauka ba, a tura yaro da gudu. Inda waya ba ta kamawa, ƙararrawa ko usur a wuya suna yin aiki, in dai maƙwabta sun san ma'anar ƙarar.

Ku da kuka koyi rubutu, ga aikinku. Ku sami littafi guda a unguwa, da sanin mai gari. Ku rubuta sunan duk wanda ke wuni shi kaɗai, da ciwon da ke damunsa, da sunan mai leƙa shi, da lambar gidan likita mafi kusa, da ta mai babur ko mai amalanken da zai ɗauke shi. Kada a rubuta kowa sai da yardarsa. Lambobin nan a sake rubuta su da manyan baƙaƙe a bangon ɗakinsa.

Sai maganar kaya. Mu fara da sanda, wadda wasu ke jin kunyar riƙewa wai kada a ce sun tsufa. Kwanciyar wata 6 da karaya ta fi wannan kunya nauyi. Tsawon sanda yana da ƙa'ida: mutum ya tsaya ya saki hannu, kan sandar ya zo daidai wuyan hannunsa. A riƙe ta a ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba ɓangaren mai ciwo ba. Mutane da yawa suna yin akasin haka. A sa mata guntun robar taya a ƙasa don kada ta zame a kan siminti.

Makewayi shi ne wurin da ya fi haɗari, ga ruwa, ga santsi, ga tsuguno mai wuya. Kafinta zai iya huda kujera a ɗora bisa ramin. A kafa icce mai ƙarfi a gefe don dafawa. Ga makaho, a ja igiya daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, sai ya bi ta ba tare da ɗan jagora ba, yaron kuma ya tafi makaranta. A kau da turmi da turke daga hanya, a ajiye tocila kusa da shimfiɗa.

Tabarau kuwa ya shafe mu kai tsaye. Daga shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abu na kusa. Mai koyon karatu sai ya ga baƙaƙe suna haɗuwa, ya ce kansa ne ya tsufa, ya bar aji. Ba kai ba ne, ido ne. Wannan matsala ce ke hana tela zura zare, ke hana mace tsince tsakuwa a hatsi. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Bangaladash, aka fitar a 2024, ya nuna waɗanda aka ba tabaran karatu abin da suke samu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Amma tabarau ba ya maganin yana. Wanda ganinsa ke dushewa nesa da kusa ya je a duba shi a asibiti, kada ya yarda mai yawo da allura ya taɓa masa ido.

Keken guragu da na'urar ƙara ji ba a sayensu da ka. Keken da bai dace da jikin mai shi ba yana haifar da gyambo a mazaunai, gyambon nan kuwa yana iya kisa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma yarjejeniyar ta ce hukuma ta sauƙaƙa samun waɗannan kaya. Saboda haka wanda ya je gidan likita ko ofishin magajin gari yana tambaya, haƙƙinsa yake nema, kada ya sunkuyar da kai kamar mai bara.

Akwai wani hali namu da nake so mu duba. Saboda ladabi, da tsoho ya miƙe sai mu ce: "Baba, zauna, bari a kawo maka." Niyyar tana da kyau. Amma ƙafar da ba ta tafiya ƙarfinta raguwa yake, mai raunin ƙafa kuma shi ya fi faɗuwa. In yana iya ɗauko butarsa, a bar shi ya ɗauko. In tana iya ba awaki dusa, kada a karɓe mata ƙwaryar. Mu gyara hanyar da za su bi, mu sa musu abin dafawa.

Kafin ruwan farko ya sauka kowa ya watse gona, kwamitin lafiya na kowane gari ya zauna da mai gari da limami a buɗe littafin. A gwada kiran kowane tsoho sau ɗaya a gaban idonsa, a ga ko wayar ta shiga, a kuma ƙirga minti nawa mai zuwa ya yi kafin ya iso.