Kada mu rushe gidajen gado

Jama'a, mu 'yan kasuwa muna da wata ɗabi'a: da ciniki ya yi albarka sai mu rushe gidan gado na ƙasa, mu ta da na siminti da kwano, bazara ta zo zafi ya kore mu waje. Alhali fatake irinmu ne suka gina gidajen Zango na Damagaram masu zane a fuska. Irin wannan gini ya sa UNESCO ta shigar da tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013. To, mu nemi tsofaffin magina tun suna raye, a sake yaɓe, a canja azara da indararo. In suka ƙaura, kuɗinmu ba zai sayo hannunsu ba.