Kalma Ɗaya, Gwaji Biyu: Jan Hankali Kan Batun Jini

Kwanakin baya na raka wani maƙwabcina asibiti a Kakuri, bayan matarsa ta zubar da jini wajen haihuwa. Da aka tambaye shi rukunin jininsa, sai ya ce "AS". Aka ce ba wannan ake nufi ba, ya yi tsuru-tsuru. A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, na ga cewa matsalar ta suna ce: gwaje-gwaje biyu muke kira da kalma ɗaya.

Na farko shi ne rukunin A, B, AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901. Shi ake dubawa kafin ƙarin jini, domin idan aka sa wa mai O jinin A, jikinsa zai yaƙe shi, har a iya rasa rai. Ko 'yan ciki ɗaya sukan bambanta. Na biyu kuwa AA, AS da SS ne, wanda ake dubawa kafin aure. AS ta auri AS, kowane ciki yana da haɗarin sikila kashi 25 cikin 100.

Dukansu suna da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro. Masu AS, da kuma masu O zuwa wani mizani, ba su cika yin mai tsanani ba, amma suna kamuwa. Kada kowa ya jingine gidan sauro.

Don haka ina kira ga ma'aikatan lafiya, limamai da fastoci, daga Barnawa zuwa Sabon Tasha, mu tsayar da suna biyu: "rukunin jini" da "gwajin sikila". Kowa ya san nasa tun kafin ranar buƙata. Allah ya ƙara mana lafiya.